Sin ta ce babu haraji: riɗinmu ne zai yi daraja, ko kowa aka buɗe wa ƙofa?

Malam Isiyaku: Assalamu alaikum jama'a. A watan Yunin 2025, a taron birnin Changsha na ƙasar Sin, Sin ta sanar cewa za ta cire harajin kwastam a kan kayan ƙasashen Afirka 53 da ke da hulɗar jakadanci da ita. Eswatini kaɗai aka bari, saboda tana tare da Taiwan. Tun daga nan maganar da ake ta yi a Dawanau da Maigatari ita ce riɗi zai tashi. Tambayata ga masana: idan manyan ƙasashe suka rage haraji, wa ke cin moriyar a zahiri? Manomi, mai fitar da kaya, ko mai saye a can?

Dakta Rabi: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin a amsa sai an raba abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Akwai ragin da ake yi wa kowa da kowa, akwai kuma rangwamen da ake yi wa wasu kaɗai.

Na farko shi ne ƙa'idar da ke sashe na ɗaya na yarjejeniyar haraji da ciniki ta GATT ta 1947, wadda Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, WTO, ta gada a 1995: harajin da ka yanka wa ƙasa ɗaya mamba, shi za ka yanka wa sauran. A zagayen tattaunawar ciniki da ake kira na Uruguay, 1986 zuwa 1994, ƙasashe masu arziki sun sauke matsakaicin harajinsu kan kayan masana'antu daga kashi 6.3 zuwa 3.8 cikin ɗari. Wannan ragi na kowa ne, da Nijar da Koriya ta Kudu duk ɗaya.

Na biyu shi ne rangwame irin GSP, wanda ƙasashe masu arziki ke yi wa masu tasowa, da EBA na Tarayyar Turai ga ƙasashe mafi ƙarancin ci gaba tun 2001, da AGOA na Amurka ga wasu ƙasashen Afirka tun 2000. Darajar rangwame ba ta cikin sifirin da aka ba ka. Tana cikin tazarar da ke tsakaninka da abokin gasarka. In kana biyan sifiri shi yana biyan goma, kana da goma a hannu. Ranar da aka mayar da shi sifiri, kai ba a ƙara maka ko kwabo ba, amma goman nan ta tafi. Shi ya sa ragin kowa-da-kowa yakan zama asara ga ƙasar da dama can tana da rangwame.

Abdu Maraɗi: Hajiya Dakta ta taɓo inda ke yi mana ƙaiƙayi. Riɗi misali ne tsaf. Harajin Sin na kowa a kan riɗi kashi 10 ne. Nijar, Togo, Sudan, Habasha, Tanzaniya da Mozambik suna cikin jerin ƙasashe mafi ƙarancin ci gaba, sun daɗe suna shigar da shi ba duwan, wato ba harajin kwastam, kuma daga 1 ga Disamba 2024 Sin ta mayar da rangwamen ya shafi kowane irin kaya na waɗannan ƙasashe. Najeriya ba ta cikin jerin.

Ku yi lissafi. Kwantena mai ƙafa 20 tana ɗaukar tan 19, buhu 380 ke nan masu kilo 50. A ce tan ya isa tashar Qingdao ta Sin a kan dala 1,500, kwantena ta kama dala 28,500. Kashi goma dala 2,850 ne, wato dala 150 a kowane tan. Wannan dala 150 ita ta sa riɗin Jigawa da Yobe ke da dalilin tsallaka iyaka ya fito da takardar Nijar, abin da duk ɗan kasuwar wannan layi ya sani. Idan Najeriya ta samu sifiri, dalilin ya mutu. To ga mai sito a Maraɗi ko Damagaram, wannan labari ba albishir ba ne.

Alhaji Ɗanjuma: Abdu, ai ka yi wa mutanen Najeriya albishir ke nan. Dala 150 a tan ta dawo gida.

Abdu Maraɗi: Ba duka ba, Alhaji. Mai saye a Qingdao ba yaro ba ne, ya san an cire maka goma, zai nemi rabonsa a farashi. Yadda za a raba ya danganta da wa ya fi matsuwa. In kaya sun yi yawa a tashar, shi ke cinye mafi yawa. In sun yi ƙaranci, kamar lokacin da yaƙin Sudan ya dagula fitar da kaya daga 2023, mai sayarwa ke da baki. Sannan Pakistan ma tana shigar da riɗi Sin ba haraji a ƙarƙashin yarjejeniyarsu. Layin masu sifiri ya riga ya yi tsawo.

Malam Isiyaku: To daga rabon da ya dawo, nawa zai kai ga manomi a Taura ko Gagarawa?

Alhaji Ɗanjuma: Abin da ya rage bayan mota da tasha sun ci nasu. Daga Kano zuwa Apapa ko Lekki tafiyar sama da kilomita dubu ce. Sai kuɗin tankaɗe da injin tsaftacewa, domin mai saye yana neman tsabta kashi 98 zuwa 99, damshi kada ya wuce 6 ko 7, tsamin mai kada ya wuce 2. Riɗin kasuwar ƙauye yakan zo da ƙasa da tsakuwa da kara, duk nauyin da aka tankaɗe asara ce daga tan. Sai buhu, sai feshin kwantena, sai rajistar hukumar bunƙasa fitar da kaya ta NEPC, fom ɗin fitar da kaya na NXP ta banki, kuɗin duba kaya na NESS rabin kashi ɗaya na darajar kaya, takardar lafiyar tsirrai daga hukumar NAQS, takardar shaidar asali. Kuɗin kuma dole su dawo ta banki cikin kwana 180. Wanda ya ci bashin banki da ruwa mai tsada, duk satin da kwantena ta ƙara a tasha yana cin wani yanki na dala 150 ɗin nan. Kwantenar da ta rasa jirginta ta jira na gaba, ta iya cinye ribar rangwamen gaba ɗaya.

Ba ina cewa ba a samu komai ba. An samu. Amma wanda ya sayi riɗi ya jibge a sito yana jiran farashi ya ninka saboda sanarwar Sin, ya sake lissafi.

Barista Hauwa: Ku ƙara da cewa sifirin kwastam ba shi ne izinin shiga ba. A Sin, amfanin gona da yawa sai an ƙulla yarjejeniyar lafiyar kaya tsakanin hukumar kwastam ta Sin, GACC, da ƙasar da ke fitarwa, kaya ɗaya bayan ɗaya. Gyaɗa da tata, naman shanu da tasa. Daga 1 ga Janairu 2022 kuma, a ƙarƙashin doka mai lamba 248, masana'antar da ke sarrafa abinci ko adana shi sai ta yi rajista da GACC, lambar rajistar ta fito a jikin buhu da takardun kwastam. Kayan da ba su da yarjejeniya, ko harajinsu sifiri ne, ba za su sauka ba.

Sai sharaɗin jigila kai tsaye. Kayan Nijar da ke bi ta Lome, tunda an rufe iyakar Benin a 2023, dole su kasance ƙarƙashin kulawar kwastam a ƙasar da suka ratsa, ba a buɗe an sake sarrafa su ba. In aka zazzage aka gauraya da na wata ƙasa a sito, takardar asali ta lalace, a can kuma za a caji cikakken haraji.

Injiniya Sani: Ni abin da ya fi damuna ba ɗanyen riɗi ba ne. Ɗanyen kaya dama yawancinsu sifiri suke a Turai tun tuni: riɗi, gyaɗa, ƙaro, ƙwayar koko, ɗanyen kofi, ɗanyar fata. Ba don suna ƙaunarmu ba, masana'antunsu ne ke buƙata. Harajin yana fara hawa ne da zarar ka taɓa kayan. Ga na Tarayyar Turai, harajin kowa:

ƙwayar koko sifiri, man koko 7.7, garin koko 8, markaɗaɗɗen koko 9.6. Ɗanyen kofi sifiri, soyayye 7.5. Ɗanyar gyaɗa sifiri, markaɗaɗɗiya ta shafa wa burodi 12.8. Ɗanyar fata sifiri, takalmin fata 8, mai saman yadi kusan 17.

Mutum zai ce 7.7 ai ba yawa. A nan ne ake yaudarar kai. Harajin yana kan darajar kayan duka, alhali aikin masana'antarka ɗan yanki ne a ciki. A ce man koko na dala 100, ƙwayar da ta shiga cikinsa dala 80 ce, aikinka dala 20. Mai masana'anta a Amsterdam ya sayi ƙwayar ba haraji. Kai ka biya dala 7.7 a kan kayanka. Wannan 7.7 daga cikin 20 ɗinka take fita, kashi 38.5 ke nan na aikinka. Wane mai masana'anta ne ke da ribar da za ta shanye wannan, ga kuɗin dizal a kai?

Dakta Rabi: Kuma a nan ne maƙwabta suka rabu. Da rangwamen da Turai ke bayarwa a ƙarƙashin yarjejeniyar Kotonu ya ƙare a ƙarshen 2007, Gana da Kodebuwa suka amince da yarjejeniyar buɗe wa juna kasuwa da Turai, wato EPA, ta wucin gadi, suka ci gaba da shiga ba haraji. Kamaru ma haka. Najeriya ta ƙi, daga Janairun 2008 ta faɗa GSP na gama-gari. A wannan tsari, kayan da Turai ke ɗauka masu tsauri maki 3.5 kawai ake cirewa. Man kokon Najeriya ya koma biyan 4.2, markaɗaɗɗe 6.1, na Gana da Kodebuwa sifiri. Nijar, Chadi da Sudan kuwa suna EBA, komai sifiri ban da makamai.

Wato a yanki ɗaya akwai ƙofa uku. Man riɗin da aka tatsa a Maraɗi da wanda aka tatsa a Kano ba haraji ɗaya za su tarar a Rotterdam ba.

Alhaji Ɗanjuma: To me ya hana Najeriya sa hannu? Masu sarrafa koko a Ondo da Legas sun sha kuka a kan wannan.

Kwamared Bala: Saboda EPA ba kyauta ba ce, Alhaji. Abin da aka kammala a 2014 shi ne Afirka ta Yamma ta buɗe kashi 75 na kasuwarta ga kayan Turai cikin shekara 20. Ƙungiyar masu masana'antu ta MAN da ƙungiyoyin ƙwadago suka ce a'a, kuma ina ganin sun yi daidai. Mu da muka ga abin da ya sami masaƙun Kaduna ba sai an ba mu labari ba. Masaƙar KTL ta fara aiki a 1957, ta UNTL ta rufe a 2007, yau ka zaga Kantin Kwari ka ƙirga atamfa nawa ce saƙar gida. Ana ta maganar ƙofar da za a buɗe mana a waje, ba a maganar tamu da za a ɓalle.

Ku dubi madara. A jadawalin harajin ECOWAS da ya fara aiki a 2015 mai hawa biyar, sifiri, 5, 10, 20 da 35, garin madara na manyan buhuna yana kan 5 kacal. A watan Afrilun shekarar ne kuma Turai ta cire ƙayyade yawan madarar da manomanta ke samarwa. Sai ga garin da aka cire masa mai aka zuba man ja yana kwararowa da araha. Bafulatanar da ke tallan nono da shi take gasa, ko ta sani ko ba ta sani ba.

Injiniya Sani: Kwamared, a kan madara na yarda. A kan masaƙu ban yarda gaba ɗaya ba. Lokacin da masaƙun nan ke mutuwa, akwai shekarun da shigo da atamfa haramun ne a Najeriya. Ba ragin haraji ne ya kashe su ba, fasa-ƙwauri ne ta Kotonu da Maraɗi, da rashin wuta, da tsadar baƙin mai, da injinan da suka tsufa, da audugar Funtuwa da Gusau da ta ja baya. Haraji mai tsawo a ƙasar da ke da iyaka irin tamu, ɗan fasa-ƙwauri yake yi wa kasuwa. Shinkafa ta nuna haka: an rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, farashi ya haura, 'yar waje kuma ba ta ɓace daga kasuwa ba.

Kwamared Bala: Fasa-ƙwaurin kayan wa? Na Sin. Yaushe ta cika duniya? Bayan ta shiga WTO a Disambar 2001, da kuma bayan an soke kason tufafi a 1 ga Janairun 2005. Ai maganata ce ka ƙarasa mini.

Dakta Rabi: Ku biyun kuna da rabin gaskiya, amma 2005 ɗin da Kwamared ya ambata ta cancanci a tsaya a kanta, domin ita ce gwaji mafi girma na abin da Malam Isiyaku ya tambaya. Kafin nan Amurka da Turai suna ƙayyade wa ƙasashe da yawa adadin tufafin da za su shigar. Masu masana'antu na Asiya da kasonsu ya cika sai suka riƙa kafa rassa a Lesotho, Madagaska, Kenya, Mauritius. Da aka soke kason, wasu suka naɗe tabarma suka koma gida. Abin da ya riƙe sauran shi ne tazarar AGOA: rigar auduga mai gajeren hannu tana biyan 16.5 a Amurka, ta zaren roba 32, ta Lesotho sifiri. Ga kuma sassaucin da ya ba su damar ɗinki da yadin da aka saƙa a Asiya.

Yanzu ku ga abin da zagayen tattaunawar WTO na Doha zai yi wa wannan tazara da an kammala shi. Daftarin 2008 ya ɗauki lissafin da ake kira na Suwizalan: ka ninka tsohon haraji da wata lamba, ka raba da jimlar su biyun. Lambar ƙasashe masu arziki 8 ce. Harajin 32 zai koma 8 sau 32 a raba da 40, wato 6.4. Harajin tufafi na Turai, 12, zai koma 4.8. Ga Vietnam da Indiya wannan buɗi ne. Ga Lesotho, tazarar 32 ta koma 6.4, kuma 6.4 ba ta biyan kuɗin ɗauko yadi daga Taiwan a kai Maseru, babban birnin Lesotho, a dawo da riga ta tashar Durban. Shi ya sa a Geneva, hedikwatar WTO, ƙasashe masu tasowa ba su taɓa zama baki ɗaya ba. Abin da Brazil da Indiya ke nema, shi Mauritius ke tsoro.

Ayaba ma haka. Yarjejeniyar Geneva ta Disambar 2009 ta sauke harajin Turai kan ayabar Latin Amurka daga yuro 176 a tan zuwa 114, daga baya yarjejeniyoyi da Kolombiya, Peru, Ekwado da Amurka ta Tsakiya suka kai shi 75. Kamaru, Kodebuwa da Gana suna nan a sifirinsu, amma garkuwarsu ta ragu da fiye da rabi. Sukari kuma, gyaran 2006 ya rage farashin da Turai ke biya da kashi 36.

Malam Isiyaku: Ke nan, Dakta, gara kada a rage wa kowa?

Dakta Rabi: A'a Malam, ban ce haka ba. Talakawa masu yawa a duniya suna ƙasashen da ba su da rangwame mai kauri, su ragin kowa ya amfane su ƙwarai. Kuma rangwame aro ne, mai shi na iya karɓe abinsa. Amurka ta cire Habasha, Mali da Gini daga AGOA a Janairun 2022, Burkina Faso a 2023, Nijar, Gabon, Uganda da Afirka ta Tsakiya a Janairun 2024. Turai ta mayar da haraji kan shinkafar Kambodiya da Myanmar a Janairun 2019, yuro 175 a tan a shekarar farko, duk da suna EBA, don manoman Italiya da Sifen sun koka. A Afrilun 2025 Amurka ta sanar da kashi 50 a kan Lesotho, 14 a kan Najeriya, a Agustan shekarar duka biyun suka koma 15. Wanda zai zuba kuɗi a masana'antar da sai ta shekara goma kafin ta mayar da jari, ba zai dogara da takardar da za a iya yagewa da sanarwa ɗaya ba. Harajin da aka ɗaure a WTO ya fi aminci a ƙa'ida, sai dai kotun ɗaukaka ƙarar ƙungiyar ta daina aiki tun Disambar 2019, to ko wa za ka kai wa ƙara?

Barista Hauwa: Bari in dawo da mu kan abin da ke mayar da kwantena a zahiri. Wake. Tarayyar Turai ta dakatar da busasshen waken Najeriya tun 2015, ba don haraji ba, don maganin dichlorvos, wanda ake sayarwa a matsayin fiya-fiya ana zuba wa hatsi a sito. Iyakarsu miligiram 0.01 a kilo, an riƙa samun ninkin wannan sau da yawa. Laifin 'yan kaɗan ya rufe wa ƙasa duka ƙofa. Maganinsa kuma ba tsada: buhun PICS mai ciki uku, leda biyu da buhun saƙa a waje, a busar da wake sosai, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban. Ƙwaro ya mutu don rashin iska, ba digon magani.

Gyaɗa kuma aflatoksin, dafin da fumfuna ke bari. Turai tana karɓar microgiram 4 a kilo jimla ga wadda za a ci kai tsaye, 2 ga nau'in B1, sannan 15 ga wadda za a sake tsincewa. Yana farawa ne tun a gona idan fari ya kama gyaɗa a ƙarshen damina, ya ƙaru idan aka shanya ta a ƙasa ko aka zuba a buhu da sauran damshi. Aflasafe, maganin rage dafin na cibiyar binciken noma ta IITA, kilo 10 ake watsawa a hekta, sati biyu zuwa uku kafin fure. Sai shanya a kan tamfol, sai tsince ƙwayar da ta motse ko ta canza launi, domin 'yan ƙwayoyi kaɗan ke lalata samfurin kwantena guda.

Riɗi a Turai kuwa ƙwayar cutar salmonela ce matsalarsa, shi ya sa na Najeriya, Sudan, Uganda da Indiya ke shan ƙarin bincike a tasha. Daga ina take zuwa? Kashin tsuntsu da ɓera da awaki a wurin shanya da sito. Zoɓorodo ma Meziko ta taɓa dakatar da na Najeriya saboda ƙwaron sito.

Alhaji Ɗanjuma: Barista, ƙara musu da ɗaukar samfuri. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗebo daga buhu biyar na bakin ƙofa a kai ɗakin gwaji. A can kuwa daga wurare da yawa a cikin kwantena suke sokawa su haɗa su niƙa. Takardarka ta ce lafiya, tasu ta ce akwai. Daga nan zaɓi uku ne, duka masu ɗaci: a lalata kayan da kuɗinka, a dawo da su da kuɗinka, ko a karkatar zuwa wata kasuwa a farashin wulaƙanci, kuɗin ajiyar tasha kuma yana ta hawa kullum. Sunan ƙasar ya shiga kundin gargaɗinsu na RASFF, na bayanka ya gaji ƙarin bincike.

Barista Hauwa: Haka ne, Alhaji. Sai ƙa'idar asali, wadda ke sa rangwame da yawa ya zauna a takarda ba a amfani da shi. Kafin 2011 Turai na neman rigar ƙasa matalauciya ta kasance an saƙa yadin a can an kuma ɗinka a can. Ƙasar da ba ta da masaƙa ba ta iya cikawa, sai ta biya 12 tana da EBA a aljihu. Da aka sassauta a Janairun 2011 ɗinki kaɗai ya wadatar, Bangladash ta ci moriya sosai. Harajin bai canza ba, layi ɗaya na ƙa'ida aka gyara.

A aikace, mai fitarwa zuwa Turai ta GSP ko EBA sai ya yi rajista a tsarin REX na masu fitar da kaya ya rubuta bayanin asali a kan rasit ɗinsa da lambarsa. Kayan da ba su kai yuro 6,000 ba, ba sai da rajista ba. Kuma a duba lambar kaya da kyau: riɗi 1207.40, man riɗi 1515.50, ƙaro 1301.20. Lamba shida na farko ɗaya ne a duniya, abin da ya biyo baya kowace ƙasa da nata, harajin kuma a kan na ƙarshen yake. Idan tazarar maki biyu ce ko uku, masu saye da yawa ba sa ma wahalar neman rangwamen, takardun sun fi shi tsada.

Kwamared Bala: Kada a manta da tallafi. Auduga ba ta da wani haraji a bakin ƙofa a kasuwanni da yawa, amma Benin, Burkina Faso, Chadi da Mali sun kai kuka taron WTO na Cancun a 2003 saboda tallafin da Amurka ke ba manomanta yana danne farashin duniya. Brazil ta kai ƙara ta yi nasara, a 2014 aka sasanta Amurka ta biya ta dala miliyan 300. Ƙasashen huɗu da suka fara kukan fa? Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Inda kuma muke da kaya, nan suke kafa katanga: gyaɗar da ta wuce kason Amurka tana biyan 131.8 in ɓararriya ce, 163.8 in da ɓawo.

Abdu Maraɗi: Ni fa ina ganin kasuwar da ta fi kusa ita muka fi wulaƙantawa. Albasar Galmi, wake, shanu da raƙuma, ba Rotterdam suke zuwa ba, Kano, Legas, Akara da Abijan suke zuwa. A takarda ba duwan a kansu tun tsarin ETLS na ciniki ba haraji tsakanin ƙasashen ECOWAS. A hanya kuwa shinge nawa ne daga Galmi zuwa Akara? Albasa ba ta jira, kwana biyu na ƙarin tsaiko a zafi sai ƙasan mota ya fara ruwa. Yarjejeniyar ciniki ta nahiyar Afirka, AfCFTA, ta ce a cire haraji kan kashi 90 na kaya cikin shekara 5, ƙasashe matalauta shekara 10, kashi 7 a jinkirta, kashi 3 a ware. A Yamai ma Najeriya ta sa hannu, Yulin 2019. Yanzu Nijar, Mali da Burkina sun fita ECOWAS tun 29 ga Janairun 2025, sun kuma sa harajin rabin kashi ɗaya kan kayan da ke shigowa daga wajen ƙawancensu.

Injiniya Sani: Wani abu na tafe da ya shafi Kano kai tsaye. Dokar Turai ta hana sare daji ta lissafa koko, kofi, waken suya, man ja, roba, katako da shanu, kuma a rubutunta na asali fatar shanu na ciki. Ana neman taswirar inda kayan suka fito da shaidar ba a sare daji a wurin ba bayan 31 ga Disambar 2020. An ɗage fara aikinta, amma masu saye sun riga sun fara tambaya. Fatar awaki da tumaki, wadda majemun Challawa da Sharaɗa suka fi fitarwa, ba ta ciki. Na koko kuwa sai an bi gona-gona da waya ana ɗaukar lambobin wuri.

Malam Isiyaku: Na gode ƙwarai. To a taƙaice ga mai niyyar tura riɗi Sin a kakar bana, me zai fara dubawa?

Alhaji Ɗanjuma: Ya sa mai sayensa ya tambayi wakilin kwastam a can harajin da ake caja a ranar a kan 1207.40 na ƙasarsa, da irin takardar asalin da suke karɓa da hukumar da aka yarda ta sa mata hannu, domin sanarwar shugabanni daban, abin da ke cikin kwamfutar kwastam daban. Ya tabbatar sitonsa ko injin da zai tsaftace masa na da lambar GACC. A kwantiragi a rubuta ƙarara wa zai ɗauki harajin idan aka ƙi karɓar takardar asali. Harajin VAT na kashi 9 kuma yana nan, sifirin kwastam bai shafe shi ba, kada wani ya cire shi daga lissafi.

Barista Hauwa: A kuma rubuta cewa sakamakon gwajin tashar lodi shi ne na ƙarshe a kan nauyi da inganci, a ambaci kamfanin binciken da ɓangarorin biyu suka yarda da shi. In aka bar shi a kan gwajin tashar sauka, ranar da farashi ya faɗi kafin jirgi ya isa, za a nemo wa kayan aibi ko ba su da shi.

Abdu Maraɗi: Alhaji, tambaya ɗaya kafin a watse. Riɗin Nijar da zai bi ta tashar tudu ta Dala ko ta Kaduna zuwa Legas maimakon Lome, wace takardar ratse kwastam ɗin Najeriya ke bayarwa wadda Sin za ta karɓa a matsayin shaidar ba a taɓa kayan ba? Masu sito a nan suna ta tambaya.